Muryar Motar Lukuman

Ranar Juma'a aka kashe Baba Hammadu, ana tsakiyar huɗuba. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce a Kano, lokacin da fetur ya koma sai a galan wurin 'yan bumburutu. Maza duk suna masallaci. Tsohon ya makara a gona, ya fito da sandarsa zai tsallaka kwalta a wata kwana da ke gefen Dugabau, inda dawa ta yi tsayi ta rufe hanya. Ya shekara goma da kurmancewa. Mota ta ɗebe shi ta watsa cikin kwalbati, ba ta tsaya ba.

Babu wanda ya gani. Amma mata suna cikin gidaje, kuma sun ji. Kafin maza su gama sa takalma magana ta zagaye ƙauyen: ƙarar motar Lukuman ce.

A wannan lokacin motoci uku ne tsakanin Gwarzo da Kabo da samari suka sauya wa salansa don su hana mutane sakat. Akwai ta Mahbub na Mainika, akwai Fijon Nata'ala na ƙauyen Jama'a, sai Golf ɗin Lukuman, wanda ke jigilar fasinja daga Kabo zuwa Gwarzo. Ta Lukuman ta fi fice. Ba ihu take yi ba, gurnani take yi mai kauri, har kwanukan da ke jere a ɗaki su riƙa kaɗawa. Ko jariri ya san ta.

Mai unguwa ya aika Mainika a ɗauko Sajo mai bin sawu.

Sajo ya yi shekara arba'in yana bin shanun sata. Ya taɓa bin sa guda har cikin ƙasar Katsina, ya dawo da shi da ɓarawon. Amma da ya iso kwanar, gab da la'asar, mutum ɗari sun tattake wurin. Takalmi kan takalmi, keke kan babur. Ya durƙusa, ya duba, ya sake dubawa. Babu abin karantawa.

Mai unguwa ya ce, "Malam Sajo, mata sun ce motar yaron nan ce, Lukuman. Sawun ya nuna haka?"

Kowa na kallon bakinsa. Shekara uku rabon da a kira shi aiki, ga shi yau an tuna da shi. Kuma yana da haushin Lukuman, don da bazara yaron ya wuce ƙofar gidansa da wannan gurnani, tunkiyarsa mai ciki ta firgita ta yi ɓari. Sajo bai ce e ba. Kai kawai ya gyaɗa.

Gyaɗawar nan ta isa. Samari suka hau babura suka nufi Kabo. Suka tarar da motar a ƙofar gida, suka fito da Lukuman daga kan tabarma yana rawar zazzaɓi. Kafin 'yan sanda su karɓe shi an karya masa hannun dama, an tattaka yatsun hagu. Yana ta cewa motarsa tana gareji tun Alhamis, shi bai ko fita salla ba. Aka tambayi mai garejin, Mijinyawa mai walda, ya ce tun hantsi ya mayar da ita. Uwar Lukuman, Uwaliya, ta ce ƙarya ne, sai gab da la'asar aka yi sallama aka jefo makulli a zaure. Wa zai saurari uwa a kan ɗanta? Samari suka kawo motar ƙofar gidan mai unguwa, gilasai a farfashe.

*

Asabar da safe mai unguwa ya aiko wa Sajo: ranar Litinin za a shiga gaban alƙali, zai dafa Alƙur'ani ya faɗi abin da ya gani.

Sajo ya ajiye kokon da yake sha. Gyaɗa kai daban, dafa Alƙur'ani daban. In ya rantse, yaron ya tafi ke nan. In ya ƙi, su wa za su yarda yanzu, bayan gari ya riga ya yanke hukunci? Sai dai ya kawo wanda ya yi. Ya ɗauki sandarsa ya tare babur.

Gidan da ya fi kusa da kwanar na Inna Sauda ne, tsohuwa mai kaɗin auduga, wadda bangon ɗakinta ya ba titi baya. Ya yi sallama, ta fito zaure, suka gaisa, aka tambayi gida da damina da haƙurin rashi.

"Inna, ke kika fara cewa motar Lukuman ce?"

"Ni ce. Murya na ce tasa ce. Ban rufe baki ba suka zuba a guje, kamar an ce ana rabon taki."

"Da sauran magana ke nan?"

"Da saura mana. Kai ma ba ka tambaya ba, ka zo ka yi ta kallon ƙasa kamar ka yar da allura." Ta gyara zama. "Malam, yaron nan sau huɗu yake wuce bayan ɗakina kullum. In ya zo kwana yakan sassauta, muryar ta kwanta a hankali, luuu, sannan ta tashi. Ta jiya kuwa da ta sassauta sai ta hau harbi, tas, tas, tas. Ga wani huci a ƙarƙashi, kamar mai giɓi yana magana. Ka san mutum in ya ari rigar yayansa? Daga nesa ka ce yayan ne, sai ya taka ka ga tafiyar ba ita ba ce."

"Bayan bugun fa?"

Ta share ido da bakin mayafi. "Na ji bugun. Na ɗauka akuya ce, ban ajiye mazari ba. Daga nan ƙarar ba ta bi kwalta ba. Ta bayan gonar liman ta yi, wajen burtali."

Sajo ya ji kunya ta rufe shi. Taku ɗari biyu ne daga kwanar zuwa bakin burtalin. Jiya bai taka su ba.

*

Bai tafi can kai tsaye ba, don a bakin hanya masu sayar da rake suka tare shi da sabon labari: Mahbub ma ba a gan shi a masallaci ba, kuma gaban motarsa a lotse yake. Hadari bai haɗu ba tukuna, sawu zai jira. Ya koma Mainika.

Ya sami Mahbub zaune kan bonetin motarsa yana cin gyaɗa. Saurayi ne mai baki, ba ya jin kunyar kowa.

"Baba Sajo! An gama da Lukuman, an zo kaina ke nan?"

"Ina kake jiya lokacin salla?"

"Wallahi barci ya ɗebe ni. Kar dai ka gaya wa 'yan Hisba."

"Wannan lotsawar fa?"

"Turken jakin kawuna ne. Jakin ma shaida ne."

Sajo bai yi dariya ba. Ya zagaya bayan motar ya durƙusa, ya leƙa bakin salansar. Zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a ciki, ya bushe, har ya liƙe ƙofa. Motar da aka tayar jiya ba za ta bar wannan ba.

"Kwana nawa rabonka da tayar da ita?"

"Goma sha ɗaya. Da me zan tayar, Baba, da ruwan rijiya?"

"To zauna ka koya mini. Me ya raba ƙarar motarka da ta Lukuman?"

Mahbub ya diro, fuska ta washe. An taɓo inda yake so. "Baba, tawa babu tukunya sam. Na sa an yanke ta, bututu ne zalla daga inji har baya. Shi ya sa take yi kamar ana yaga sabon yadi. Ta Nata'ala, Mijinyawa ne ya ƙera masa da tsohuwar tukunyar kashe gobara, ya cusa soson ƙarfe a ciki. Wata biyu ta yi tana daɗi, soson ya ƙone, yanzu sai kwaram-kwaram kamar tsakuwa a gwangwani. Ta Lukuman kuwa 'yar waje ce, farin ƙarfe, ba ta tsatsa, baki biyu gare ta. A cikin tukunyar akwai bututu mai huji-huji, an naɗe shi da wata irin auduga da wuta ba ta ci. Audugar ke shanye tsinin ƙarar ta bar kaurin. Mu duk kwaikwayo muke."

"Tana harbi in an sassauta?"

"Ta Lukuman? Haba! Sai dai in mahaɗar ba ta zauna ba, iska na shiga. Irin in an ɗaura ta a motar da ba tata ba."

"Ana yin haka?"

Mahbub ya sosa ƙeya. "Baba, kamar ba a garin nan kake ba. Ai babu rakiyar ango yanzu sai da mota mai murya a gaba. Wanda ba shi da ita sai ya yi haya. Noti huɗu ne, minti goma sha biyar an kwance. Masu gareji ma in an bar musu mota ta kwana... to, ni ban ce komai ba."

"An yi ɗaurin aure jiya?"

"A Jama'a, bayan Juma'a. Nata'ala ne babban abokin ango. Sati guda yana cika baki zai zo da abin da zai tashi gari. Sai ga shi a babur, bayan an shafa fatiha, ido ja. Ango har yanzu bai kula shi ba."

*

Da azahar Sajo ya tsaya a bakin burtali. Ƙasar damina ce, ta riƙe komai. Ga tayoyi huɗu sun sauko daga kwalta da gudu, sun tsallake kunya. Ya aza sandarsa tsakanin taya da taya, ya sa farce ya yi alama. Sannan ya ga wani abu a tsakiyar sawun: duk inda ƙasa ta yi tudu, an karce kanta, wani ƙarfe ya ja layi a jar marmara. Ya bi layin nan har inda burtalin ya sake haɗuwa da titin Kabo.

Ya dawo ƙofar gidan mai unguwa ya gwada sandar a tayoyin Golf. Sawun burtali ya fi su faɗi da kusan tafin hannu. Ya tuɓe rigarsa ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar, tsoho da shi, mutane suna kallo suna zunɗe.

Tukunyar salansar tana can sama a maƙale, cikin gurbin da aka yi mata. Ko a wane rami motar ta faɗa, ba za ta taɓa ƙasa ba. Amma cikinta a karce yake, sabon karce, da jar marmara a maƙale. Notinan suna ƙyalli, sifana ta taɓa su kwanan nan. A wuyan bututun kuma ga zoben da waya ta ci, inda aka ɗaure aka murɗe.

Ya daɗe kwance a wurin bayan ya gama gani. Ba ya son fitowa ya haɗa ido da mutane.

*

Lahadi da hantsi mai unguwa ya tara su: Mahbub da motarsa, Nata'ala da Fijonsa, Mijinyawa da akwatin kayan aikinsa. An ce musu alƙali ne ke son a gwada ƙarar motocin kafin gobe. Aka sayi galan guda aka rarraba. Inna Sauda ta zauna cikin zaure bayan asabari, inda ba ta ganin titi. Mahbub aka sa ya tuƙa kowace, ya zo da gudu ya sassauta a kwana.

Ya fara da tasa. Daga zaure aka ji, "Wannan marar kunyar Mainika ce. A wuce da ita."

Ya hau Fijo. "Gwangwanin Nata'ala. Ba ita ba ce."

Ya hau Golf. Gurnanin ya cika ƙauyen, ya kwanta a kwana, ya tashi. Samari suka fara hayaniya. Inna Sauda ta jira suka yi shiru.

"Wannan Lukuman ne. Ba ita ta kashe Hammadu ba."

Wani ya ce tsohuwa ta rikice. Sajo ya ɗaga sanda.

"Mijinyawa, kwance salansar nan ka ɗaura wa Fijo."

Mijinyawa, ƙato ne mai tabon walda a hannuwa, ya yi yaƙe. "Haba Baba, kowace mota da tata. Ba za ta shiga ba."

"Gwada. In ta ƙi, mun gani."

Mijinyawa ya duba mai unguwa, mai unguwa ya nuna masa motar da haɓa. Nata'ala yana tsaye jikin bishiyar darbejiya.

Mijinyawa ya kwance ta Golf, ya kwance ta Fijo, ya ja farar salansar Golf ya shige ƙarƙashin Fijon. Sajo ya kwanta gefensa a ƙasa.

"Baba, za ka ɓata riga."

"Yi aikinka."

Mutum yana iya tsare bakinsa, amma hannun da ya saba aiki ba ya jiran shawara. Mijinyawa bai auna ba, bai gwada ba. Ya cusa bututun, ya tallafe tukunyar da gwiwa, ya miƙa hannu sama ba tare da ya duba ba, ya jawo wata waya da ke rataye a jikin ƙarfen motar, ya zagaya ta a wuyan bututun. Lanƙwasar wayar ta faɗa cikin zoben nan daidai. A saman mahaɗar kuma, a cikin Fijon, ga baƙin tabon hayaƙi sabo, faɗin faifai.

Sajo ya riƙe masa wuyan hannu. A hankali ya yi magana, su biyu kaɗai ke ji.

"Wa ya gaya maka akwai waya a nan?"

Mijinyawa ya saki sifana. Ya rufe ido.

"Ƙarasa ɗaurawa," in ji Sajo. "Jama'a na jira."

Da suka fito, kowa ya ga tukunyar tana reto, yatsa huɗu tsakaninta da ƙasa. Mahbub ya shiga Fijon ya ja ta can nesa, ya juyo da gudu. Gurnanin Lukuman ne sak, har wasu suka waiga suna neman Golf. Ya iso kwana ya saki totur.

Tas! Tas! Tas!

Asabarin zaure ya ɗaga. Inna Sauda ta fito ba mayafi, hannu biyu a ka. "Ita ce! Wayyo Hammadu, ita ce!"

Nata'ala ya sulale jikin bishiya ya zauna a ƙasa. Ba a tambaye shi ba ya fara. Ya yi hayar salansar Lukuman wurin Mijinyawa don rakiyar ango. Ya makara ne, yana sauri ya riski ɗaurin aure. Ya ga tsohon, ya tabbata duk mai rai zai ji wannan ƙara ya kauce, bai taka birki ba sai da ya makara. Tsoro ya sa ya bi burtali ya koma gareji. Mijinyawa na dawowa daga masallaci ya mayar da salansar, ya tura Golf da hannu har ƙofar gidan Lukuman don kada maƙwabta su ji.

"Na so in faɗa," yana kuka. "Wallahi na so. Sai na ji an ce Baba Sajo ya ga sawu. Na ce to, ko Allah ne ya rufa mini asiri."

Samari suka yunƙuro. Sajo ya shiga tsakani, ƙasa a bayan rigarsa, ya gicciya sanda.

"Duk wanda zai taɓa shi ya fara da ni. Shekaranjiya mai unguwa ya tambaye ni, na gyaɗa kai. Ban ga sawun kowa ba, kun tattake shi. Kunya ta hana ni faɗa, da haushin tunkiya. Tunkiya! Wannan ya kashe mutum cikin kuskure ya ɓoye. Wannan ya ba da abin da ba nasa ba ya yi ƙarya. Ku kun karya marar lafiya a kan tabarmarsa. Ni kuwa ni na sake ku. Gobe dukkanmu gaban alƙali, kowa ya faɗi nasa."

Babu wanda ya ɗaga kai. Mai unguwa ya sa aka shigar da mutum biyun zaure, ya aika Kabo a kira hukuma.

*

Ranar Talata aka sallami Lukuman. Laraba da safe Sajo ya je gidansu. Ya yi sallama sau uku kafin a amsa.

Yaron yana zaune a zaure, jingine da bango. Hannun dama cikin karan ɗori, yatsun hagu naɗe da tsumma, fuska ba ta gama saɓewa ba. Maɗori ya ce hannun zai haɗe, amma ko zai sake riƙe sitiyari, sai abin da Allah ya yi. Kwanon koko na gabansa, ya fara sanyi.

Sajo ya cire takalmi ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya shirya magana tun daga Mainika, ta gudu.

"Lukuman, na zo neman gafara."

Lukuman ya dube shi. Bai gaishe shi ba.

"Baba, lokacin da suke dukana ina ta cewa a kira Sajo, shi ba ya ƙarya, zai duba ƙasa ya gaya muku. Sai wani ya ce ai shi ya aiko mu."

Yaron ya gyara jingina, ya ci gaba.

"Ba zan ce na yafe ba yau. In na faɗa, ni ma na yi ƙarya."

"Haka ne," in ji Sajo. "Kada ka faɗa."

Ya juya zai sa takalmi. Muryar Uwaliya ta fito daga bayan ƙofar cikin gida, a bushe.

"Malam, ina za ka? Ni tun asuba nake kan murhu, ga wanki, ga masu zuwa dubiya. Ba ya iya ɗaga ludayi, kuma ya ce shi ba yaro ba ne da uwa za ta ba shi a baki. Tun jiya bai ci komai ba."

Sajo ya ajiye sanda a bakin ƙofa. Ya tako ya durƙusa gaban yaron, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ɗauki ludayin, ya motsa kokon, ya ɗebo, ya miƙa. Kaɗan ya zuba a tabarma.

Lukuman ya kawar da kai. Sajo bai sauke hannu ba. Suka zauna haka, har kafaɗar tsohon ta fara zafi.

Can yaron ya juyo ya buɗe baki.